Daga Kano zuwa Guangzhou: yadda za ka lissafa nisan tafiya da awoyin da za ta ci

Idan ka shiga Kantin Kwari ko Farm Centre ka tambayi mutum uku da suka taɓa zuwa Sin sayen kaya, "Awa nawa ne daga Kano zuwa Guangzhou?", kana iya samun amsa uku. Na farko ya ce awa 14 da rabi. Na biyu ya ce 19. Na uku ya rantse maka cewa awa 26 ya yi. Wataƙila ma jirgi ɗaya suka shiga. Na farko zaman cikin jirgi kawai ya ƙirga, na biyu ya haɗa da jiran da aka yi a zango, na uku kuwa agogon Kano ya duba da zai tashi, ya duba agogon Sin da ya sauka, ya haɗa su wuri guda.

Wannan ruɗani yana jawo asara ta gaske. Saboda shi ake kama ɗakin otal a ranar da ba ita ba, ake barin mai tarya yana tsaye a filin jirgi, mai ciwon suga ya rikita lokacin maganinsa, wani ma jirgi ya tashi ya bar shi. Shi ya sa nake so duk mai shirin wannan tafiya ya iya lissafin da kansa, da biro da takarda, kafin ya miƙa wa ejan kuɗin tikiti. Na ɗauki Kano da Guangzhou ne domin hanya ce da mutanenmu ke bi kullum, amma matakan za su yi maka aiki a kowace doguwar tafiya.

Fara da sunan filayen jirgin

Kowane filin jirgi yana da lambarsa ta haruffa uku, kuma ita ce ake bugawa a tikiti da takardar da ake liƙa wa jaka. Filin jirgin Malam Aminu Kano shi ne KAN. Filin Baiyun na Guangzhou shi ne CAN, daga Canton, tsohon sunan da Turawa ke kiran birnin. Ka lura, harafi ɗaya ne ya raba su. Idan aka gama awon kayanka, ka karanta abin da aka liƙa wa jakar da idonka kafin ta shige. Filin Bole na Addis Ababa ADD ne, na Alƙahira CAI, na Doha DOH.

Ka saba da neman nisa da waɗannan haruffa maimakon sunan gari, domin wasu biranen suna da fili fiye da ɗaya. Beijing da Shanghai duk haka suke.

Nisan kai-tsaye

Taswirar da muka saba gani a bangon aji shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa a dunƙule take. Idan ka ɗora rula a kan taswirar ka ja layi daga Kano zuwa Guangzhou, layin zai yaudare ka. Samo kankana ko ƙwallo, ka yi ɗigo biyu nesa da juna, ka ja zare tsakaninsu har ya yi tsam. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi kusa, kuma ita masana harkar jiragen sama ke aunawa.

Idan aka ja wannan zare daga Kano, ba gabas sak yake nufa ba. Yana karkata arewa maso gabas, dab da inda muke fuskanta a salla. Zai ratsa Chadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, ya shiga Saudiyya ta wajejen Yanbu da Madina, ya fita ta kusa da Bahrain, ya kai ƙololuwarsa ta arewa a kusa da Delhi ta Indiya, sannan ya gangaro kudancin Sin. Tsawonsa kusan kilomita 10,950. Kewayen duniya duka kusan kilomita 40,000 ne, ka ga tafiyar ta haura rubu'in duniya.

Hanya mafi sauƙi ta samun wannan adadi ita ce ka shiga shafin Great Circle Mapper a intanet ka rubuta KAN-CAN. Amma ka duba ma'aunin da aka ba ka amsa da shi. Mil na ƙasa mita 1,609 ne, mil na teku da matuƙa jirgi ke amfani da shi mita 1,852 ne. Nisan nan ɗaya zai fito kusan 6,800 a na farko, kusan 5,900 a na biyu. Mutane da yawa suna ganin ƙaramin adadin su ɗauka kilomita ne.

Wanda yake son ya tabbatar da hannunsa, kalkuletar waya ta ishe shi, in dai tana da maɓallan sin da cos kuma an saita ta a kan digiri. Filin Kano yana kan digiri 12.05 arewa, 8.52 gabas. Baiyun yana kan 23.39 arewa, 113.30 gabas. Tazarar gabas ɗin nasu digiri 104.78 ke nan. Ka ninka sin na 12.05 da sin na 23.39, za ka samu kusan 0.083. Ka ninka cos na 12.05 da cos na 23.39 da cos na 104.78, za ka samu kusan 0.229 amma a ƙasa da sifiri. Haɗa su, amsar 0.146 ce ƙasa da sifiri. Ka nemi kusurwar da cos ɗinta ya ba da wannan, za ta fito digiri 98.4. Kowane digiri a doron ƙasa kusan kilomita 111.2 ne. Ninka, ka ga adadinmu ya fito.

Raba tafiyar zango-zango

Mai tashi daga Kano zuwa Guangzhou sai ya canza jirgi a wani wuri, don haka nisan da za ka yi a zahiri jimillar zango biyu ne. Ga yadda hanyoyi uku da aka fi sani suke:

Ta Addis Ababa: Kano zuwa Addis kusan kilomita 3,330, Addis zuwa Guangzhou kusan 8,040. Jimilla 11,370.

Ta Alƙahira: kusan 3,100, sannan kusan 8,000. Jimilla 11,100.

Ta Doha: kusan 4,750, sannan kusan 6,200. Jimilla 10,950, domin Doha kusan a kan zaren nan take zaune.

Dubi tazarar da ke tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta: kilomita 420, abin da jirgi ke cinyewa cikin rabin awa. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe. A wannan tafiya kilomita ba ta raba hanyoyin da komai. Abin da ke sa tikiti ɗaya ya kai ka cikin awa 19, wani ya kai ka cikin awa 30, shi ne tsawon zaman da za ka yi a zango, da kuma ko jirgin zai fara sauka a wani gari, kamar Abuja, ya kwashi fasinja kafin ya miƙe. Irin wannan saukar wani lokaci ba ta fitowa ɓaro-ɓaro a tikiti, tunda lambar jirgin ba ta canzawa. Ka tambayi ejan ƙarara: "Daga Kano miƙewa zai yi, ko akwai inda zai tsaya?"

Mai da kilomita zuwa awa

Manyan jiragen fasinja idan sun daidaita a sama suna tafiyar kilomita 850 zuwa 900 a awa. Ni nakan raba nisan da 850, in ƙara rabin awa saboda tafiyar da jirgi ke yi a ƙasa kafin ya hau titinsa, da hawa, da sauka, inda ba ya kai cikakken gudunsa.

Kano zuwa Addis: 3,330 a raba da 850 ya ba da awa 3.9, a ƙara rabin awa, kusan awa 4 da rabi. Addis zuwa Guangzhou: 8,040 a raba da 850 ya ba da kusan awa 9 da rabi, da ƙarin ya zama 10. Zama cikin jirgi awa 14 da rabi ke nan, amsar mutumin farko.

Wannan kintace ne, kuma akwai abubuwan da ke ture shi. Babba a ciki iska ce. A can sama, wajen kilomita 10 zuwa 12, akwai wata ƙaƙƙarfar iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, ta fi ƙarfi da hunturu. Tana tura jirgin da ya nufi gabas, tana turje wa mai dawowa yamma, shi ya sa dawowa kan ɗan fi zuwa tsawo. Da damina kuma wata iskar takan taso ta kan Indiya ta nufo Afirka, sai bambancin ya ragu.

Sai rufe sararin samaniya. Jirgi ba ya bin zaren nan sak, akwai hanyoyin da aka shata masa, kuma ƙasa tana iya hana a bi ta samanta. Layin Kano zuwa Addis ta Sudan ya bi, kuma tun da yaƙi ya ɓarke can a Afrilun 2023 jirage suka riƙa kewayewa. Haka aka gani a Agustan 2023 lokacin da Nijar ta rufe samanta, jiragen da ke tsakanin Najeriya da Turai suka ƙara tsawon tafiya. Idan kana so ka ga hanyar da jirginka ke bi a 'yan kwanakin nan, sa lambarsa a manhajar Flightradar24, za ta nuna maka layin da ya bi da mintocin da ya ci.

Akwai kuma abin da ke hana tashi a kan lokaci. Hazon hunturu a Kano, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana iya jinkirta jirgi ko ya sa mai zuwa ɗaukarku ya karkata wani gari. Guangzhou kuma tana fama da ruwan sama mai tsawa da guguwar teku a watannin zafi.

Agogo ɗaya tak

Nan ne wurin da ya fi cin mutane, don haka zan ɗan daɗe a kai. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, lokacin garin da abin zai faru ne. Lokacin tashi na garin tashi ne, lokacin sauka na garin sauka ne. Habasha tana gaban Najeriya da awa 2, haka Saudiyya da Ƙatar. Sin tana gabanmu da awa 7, kuma duk girman ƙasar agogo ɗaya take bi, na Beijing. Dalilin bakwai ɗin a fili yake: duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, tazarar Kano da Guangzhou kuwa kusan digiri 105 ce. Masar ce ke buƙatar kula, domin tun 2023 ta koma tura agogonta gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. A waɗannan watanni tana gabanmu da awa 2, sauran shekara da awa 1.

Dokar ita ce ka mai da kowane lokaci zuwa agogon Kano kafin ka ɗebe wani daga wani. Mu ɗauki misali. A ce tikitinka ya nuna tashi daga Kano ranar Litinin 13:30, sauka Addis 20:00, tashi daga Addis ranar Talata 00:30, sauka Guangzhou 15:30.

Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. A hagu rubuta abin da tikiti ya ce, a dama rubuta na Kano. Ƙarfe 13:30 yana nan yadda yake. Ƙarfe 20:00 na Addis, cire 2, ya zama 18:00, wato zangon farko awa 4 da rabi. Ƙarfe 00:30 na Talata a Addis ya zama 22:30 na daren Litinin a Kano, wato jira awa 4 da rabi. Ƙarfe 15:30 na Guangzhou, cire 7, ya zama 08:30 na safiyar Talata, wato zango na biyu awa 10. Daga ɗaya da rabi na ranar Litinin zuwa takwas da rabi na safiyar Talata awa 19 ne cif. Wanda bai cire bakwai ɗin ba shi ne zai ce maka awa 26.

A dawowa abin juyewa yake. A ce ka tashi Guangzhou 00:30 ranar Juma'a, ka sauka Kano 12:00 a ranar. Ido zai ce awa 11 da rabi. Amma 00:30 na Juma'a a Guangzhou, 17:30 ne na yammacin Alhamis a Kano, don haka tafiyar awa 18 da rabi ce.

Ka tsaya a kan wannan 00:30 ɗin. Jiragen dogon zango da yawa suna tashi ne jim kaɗan bayan sha biyun dare, kuma ranar da aka rubuta ta riga ta shiga. Idan tikiti ya ce Juma'a 00:30, daren Alhamis za ka tafi filin jirgi. Na taɓa zama otal ɗaya da wani bawan Allah, zuwansa na farko, ya gama sayayyarsa tsaf, ya ɗaure jakunkunansa da tef, ya ce zai je masallacin Juma'a sannan da dare ya kama hanya. Da safiyar Juma'ar muna karyawa ya ciro takardar tikitin ya shimfiɗa a kan tebur don ya nuna mana. Wani dattijo a cikinmu ya ɗora yatsa a kan lokacin, ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, ai jirginka ya kusa Addis." Mutumin ya kasa haɗiye shayin da ke bakinsa. Kuɗin da ya ware na fiton kaya da shi ya biya canjin tikiti, ga bizarsa saura kwana kaɗan. Tun daga ranar, duk wanda ya nuna mini tikiti, lokacin tashin dawowa nake fara dubawa.

Wani ƙaramin abu ga mai yada zango a Addis: mutanen Habasha suna da ƙirgen agogonsu na gida da ke farawa daga wayewar gari, abin da muke kira bakwai na safe su ɗaya suke ce masa. Tikiti da allunan filin jirgi ba sa bin wannan ƙirge, don haka allon za ka bi.

Auna zangon da kyau

A ra'ayina, jiran awa 3 zuwa 5 shi ya fi dacewa da wannan tafiya. Ƙasa da awa biyu kasada ce, musamman da hunturu, domin jinkirin awa ɗaya a Kano ya isa ya sa ka iske an rufe ƙofa, ko kai ka shiga jakarka ta kwana. Fiye da awa takwas kuma gajiya ce da kashe kuɗi, sai ka tambaya tun kafin ka biya ko kamfanin yana ba da masauki, da ko kana buƙatar biza kafin ka fita daga filin.

Ka tabbata zangon biyu a tikiti ɗaya suke. Idan haka ne, jinkirin jirgin farko nauyin kamfani ne, su za su nema maka wani jirgin, kuma yawanci jakarka za ta wuce kai-tsaye har CAN. Idan tikiti biyu ka saya daban-daban don neman sauƙi, duk abin da ya faru a tsakani kai ya shafa.

Daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki

Awa 19 ɗin nan daga tashin jirgi ne zuwa saukarsa. Jikinka ya fi haka wahala. Ana so ka isa filin jirgi awa 3 kafin tashi, domin awon kaya, kwastan, jami'an shige da fice da duba katin rigakafin shawara, kuma akan rufe awon kaya kusan awa ɗaya kafin tashi. A misalinmu za ka bar gida wajen goma na safe. A can kuma ka ware awa ɗaya da rabi na layin duba fasfo da jiran jaka, ya fi haka a lokacin baje kolin Canton da ake yi sau biyu a shekara, Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba. Filin Baiyun yana arewa da tsakiyar birni da kusan kilomita 30, sai ka ƙara wata awar kafin ka isa Xiaobei ko Sanyuanli inda 'yan kasuwar Afirka suka fi sauka. Za ka ajiye jaka wajen shida na yammacin Talata, lokacin ƙarfe sha ɗaya na safe ne a Kano. Awa 25 ke nan tun da ka yi sallama da iyali.

Wannan adadin shi za ka yi shiri a kansa. Mai shan magani a kan ƙa'ida ya bar agogon hannunsa a lokacin Kano har ya isa, ya ajiye maganin a jakar hannu, ya kuma tambayi likitansa tun a gida yadda zai matsar da lokacin sha. Wanda za ka gaya wa ya tarye ka, ka ba shi lokacin Guangzhou da rana da lambar jirgi. Iyali kuma ka gaya musu da agogon Kano, don kada hankalinsu ya tashi.

Salla ma tana shiga lissafin. Mai tafiya gabas yana tarar rana ne, don haka lokuta suna matsowa da sauri. Jirgin da ya bar Addis bayan sha biyun dare, alfijir zai keto masa bayan awa uku zuwa uku da rabi, yawancin fasinja suna barci. Ka shiga da alwala idan za ka iya, ka riƙa ɗaga murfin taga kana duba gabas. A dawowa dare ne ke bin ku, kusan duk awa goman a duhu za a yi su, asuba ta same ku dab da Addis. Batun ƙasaru da haɗa salloli, da na mai azumi da yini zai yi masa tsawo idan ya nufo yamma da rana, ka zauna da malaminka kafin tafiya ka kai masa takardar nan mai layi biyu, zai fi gane halin da za ka shiga.

Kada ka sa ganawa da masu masana'anta a washegarin saukarka da sassafe. Tazarar awa bakwai ba ta sakin jiki a kwana ɗaya, kuma tafiya gabas ta fi wuya. Sha biyun dare a Guangzhou biyar na yamma ne a jikinka, idonka zai bushe, sannan barci ya danne ka da hantsi, daidai lokacin da kake buƙatar natsuwar duba kaya da ciniki. Ka ba kanka yini guda na zagaya kasuwa da ƙafa a cikin hasken rana, ka sa ganawar farko ranar Alhamis bayan azahar.